Mai Auna Taransifoma a Tafin Hannu

Mutumin nan ya kasa tsayuwa wuri guda. A wani kantin kayan lantarki nake kallonsa, nan Greensboro ta Amurka. Dogo ne, furfura ta fara cin gemunsa, ga rigar aikin dako a jikinsa, ga hula zanna a ka. Ya matse kan keken ɗinki a hammata, naɗe cikin tsohuwar atamfa. Sai ya ɗauki taransifoma, ya auna nauyinta a tafin hannu kamar mai sayen doya, ya ajiye, ya dubi agogo, ya ɗauki wata. Ina jin daga wurin aiki ya sulalo.

Mai kantin na ta bayani da Turanci: wutar Amurka rabin ƙarfin da keken ke buƙata ce. A cikin taransifoma, wayoyi biyu ne na jan ƙarfe aka nannaɗa a ƙarfe guda, ba sa taɓa juna, wadda ta fi yawan naɗi ita ke ɗaga ƙarfin wutar.

Shi dai nauyi ya yarda da shi. Na ji yana gunaguni da Hausar zangon Ghana: "Wannan ba jan ƙarfe ciki."

Na ce, "Baba, ai sayen sabon keke ya fi sauƙi."

Ya juyo ya ƙare mini kallo.

"Ɗana, na Nasiba ne, matata. Kayan sawarta ta bari a Kumasi don ta ɗauko shi. Nan ba ta san kowa ba. Jiya na tarar tana juya shi da hannu, babu zare."

Ya rungumi mafi nauyin a ƙirji, bai sake kallon agogo ba.