Ranar da Na Hana Baffa Yanka

Ina koyarwa a Tambuwal, amma gidanmu yana wani ƙauye bayan Kebbe. A shekarar da na samu manhajar nan ta AI, wadda ake rubuta wa tambaya ta amsa kamar mutum, kaina ya kumbura. Ita ke tsara mini darasi, ita ke gyara mini wasiƙa, har na ɗauka babu abin da ba ta sani ba.

Bayan girbi na je gida. Da hantsi saniyar gwaggona ta faɗa wata gona ta ci gyauron dawa, tohon nan da ke fitowa bayan an girbe. Mijin Gwaggo ya rasu, saniyar nan ita ce dukiyarta kaf. Na iske ta kwance, ciki kamar ganga, tana numfashi da ƙyar. Baffa, yayan Gwaggo, ya riga ya fuskantar da ita gabas, wuƙa a hannu. In an yanka da sauran rai, nama ya halatta, mahauta su saya. In ta mutu da kanta, mushe ce.

"Baffa, a dakata in tambayi waya," na ce.

"Shekara arba'in nika kiwo," in ji shi. "Naggen ga ba ta tashi."

Sabis ya yi ta wasa da ni, gumi na zuba. Da amsar ta fito, na karanta farkonta da ƙarfi: kumburin ciki yakan warke in an ɗura wa dabba mai. Ban tsaya duba sauran ba, na riga na samu abin da nake so.

Gwaggo ta dubi wuƙar, ta dube ni. "Yaya, a bar ta. Ɗana ya yi karatu."

Muna cikin ɗura wa saniyar man gyaɗa ta yi shure-shure sau biyu, ta miƙe. Baffa ya taɓa idonta, bai motsa ba. Ya mayar da wuƙarsa kube.

Ana jan mushen zuwa daji na karanta ƙarshen amsar. Manhajar ta ce ba ta ga dabbar ba, gyauro kuma yakan zama guba mai saurin kisa, a bi shawarar gwanin da ke wurin. Kunya ta kama ni.

Gwaggo ta matso kusa da ni, idonta jajir. "Mi tac ce kuma, ɗana?"

Na kife wayar na ce, "Ba ta ce komai ba, Gwaggo."