Tabarau da Turu

Jiya a taron iyaye na wata sakandare a Tsafe, sai ga ɗalibi a dandali, ƙafarsa cikin turu, ya sha tsumma da gwangwanaye. Wai wasan kwaikwayo ne kan yadda ake ɗaure masu taɓin hankali a farkon zuwan Turawa.

Ana ta dariya har da riƙe ciki. Ɗalibin yana gyara wani tabarau marar gilashi, bayan kowace magana sai ya ce, "Ko ba haka ba, jama'a?"

Da aka tashi, Inna Hassi maƙwabciyarmu ta tare ni a bakin ƙofa. Ɗanta Malam Lawali ne malamin lissafi a makarantar. Bara ciwon ƙwaƙwalwa ya kwantar da shi, ya sha magani, ya samu sauƙi, ranar Litinin zai koma aji.

Ta ce, "Malam, wagga ba maganar Lawalina ta ba?"

Ita ce kuwa, har gyaran tabarau ɗin irin na Lawali ne.

Na samu shugaban makarantar. Ya ce, "Haba Malam, tarihi ne fa, faɗakarwa muke yi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na ɗan karanta tarihi. Ban taɓa jin cewa mahaukatan wancan zamani suna sa tabarau ba."

Sai ya hau duba wayarsa.

Inna ta roƙe ni kada ɗanta ya ji. Amma jibi zai tsaya gaban ajin da ya fi kowa yin tafi jiya.

Ku gaya mini, in ku ne, za ku sanar da shi ko ku bar shi ya shiga haka?