Malam Garba, Mai Zana Jirage a Allo

Innā lillāhi wa innā ilaihi rāji'ūn. Ina gonar shinkafa a Kaoje ranar Laraba aka kira ni a waya: Malam Garba, wanda ya koya mini rubuta manhajar kwamfuta a Bagudo, ya rasu bayan gajeriyar jinya. Na zauna a kan kunyar gona. Da aka gama jana'iza, iyayen ɗalibansa suka roƙe ni in riƙe ajin, in ba haka ba a rufe. Wallahi tsoro ya kama ni.

Malam ba ya bari sabon ɗalibi ya taɓa kwamfuta sai ya ga darasin da idonsa. Yakan ce, "Abin da ba ka iya zanawa, ba ka gane shi ba." Sai ya zana siffar jirgin ruwa a allo, ya ce wannan tsari ne kawai, ba a shigarsa. A ƙasa ya zana jiragen da aka sassaƙa da tsarin, kowanne da sunan mai shi da tsawonsa. Haka muka fahimci yadda ake gina manhaja daga tsari guda.

Ba na manta ranar darasin gado, inda ƙaramin tsari ke ɗaukar halayen babba. Ni da na tashi a makarantar allo, na san ba a gado sai an mutu, sai na goge babban a kwamfuta. Komai ya tsaya cik. Malam ya leƙo ya ce, "Kai Bello, mi ka yi?" Na ce na kashe uban ne don ɗan ya gada. Ya yi dariya har da hawaye, amma bai kunyata ni ba. Ya zana fuskoki biyu masu hanci iri ɗaya, ya ce, "Irin wannan gadon ne. Ka gaji hancin babanka, ga shi can da ransa."

Jiya na daure na shiga ajin. Na zana jirgi a allo. Wata ɗaliba, Hauwa'u, ta ce, "Malam, wannan jirgi ne ko takalmi?" Muka kwashe da dariya, sai dariyar ta koma kuka. Na share ido na ci gaba, kuma gobe ma zan je.

Allah Ya gafarta wa Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya raya 'ya'yan da ya bari. Amin.