Hular Baba a Bakin Kasuwar Gwarzo

Kullum na kunna rediyo sai na ji masu manyan takardu suna gardamar yadda za a gyara 'yan sanda. Wannan ya ce a ƙara albashi, wancan ya ce a sake musu kaki, a tura su kwas. Ni a firamare na tsaya, amma har yau ban ji wanda ya ce a nemo ɗan sandan da ya mari mutum ba. Wai laifin tsari ne. Tsari yana da hannu ne? Wanda ya tare ni bara a hanyar Kabo fuskarsa a rufe take, ko suna babu a ƙirjinsa. Wa zan ce ya zage ni?

Da can ba haka ba ne. Ina sabon aure muka kawo dawa a jakuna daga Kutama, ni da Baba. A bakin kasuwar Gwarzo wani kofur ya ce mun tare hanya. Baba bai ma gama gaishe shi ba kofur ya sa kulki ya kaɗe masa hula. Na sunkuya zan ɗauka.

"Bar ta," in ji Baba. "Ba kai ka yar ba."

Haka dattijo da furfurarsa ya ratsa kasuwa kai ba hula. Duk wanda ya gan shi sai ya yi salati: "Malam, lafiya?" Sai Baba ya nuna hular da haɓa. Hula na nan a ƙasa, mutane na kewaye ta. Ya samu rumfa ya zauna, ya ce ba zai shiga gaban iyalinsa haka ba, ko da zai kwana. Na tsorata, don na san halinsa.

Kofur kuwa haya yake a bayan masallaci, kowa ya san ɗakinsa. Ya je wajen mai tuwo, ta ce, "Yallaɓai, ya ƙare," ga tukunya na tururi. Mai shayi ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwan nan ba zai tafasa ba sai hula ta tashi."

Ana kiran la'asar sai ga kofur, yana karkaɗe hular a gwiwarsa. Ya durƙusa ya miƙa.

"Ɗana, a hannuna ka same ta?" in ji Baba.

Kofur ya miƙe ya ɗora masa a ka, ta zauna a karkace. Baba bai gyara ba. Haka ya shiga sahu da ita, haka muka kora jakunanmu gida.