Kujerar Direba a Shagon Albasa

A shekarar da na cika talatin, ina koyar da Turanci a wata sakandare a Gummi, na lura cewa duk faɗin duniya ba ni da kujerar da zan ce tawa ce. A aji a tsaye nake wuni. A ofishin malamai benci ne, na gwamnati, ƙafarsa ɗaya ma bulo ce. Gida kuwa gidan gado ne, yana hannun Baffa, yayan mahaifina, tun da mahaifin ya rasu. Kushin ɗin da ke ɗakin matata da shi aka kawo ta, ledarsa tana jikinsa, kuma idan na zauna a kai sai ta riƙa kallona kamar na taka mata shanya.

Akwai wani shago a jikin zauren gidanmu da ake zuba albasa. Da aka sayar da albasar bara, na roƙi Baffa ya ba ni shi. Na share, na shafa farar ƙasa, na sa talabijin da bidiyo. Lokacin gidajen kallo sun shiga taitayinsu a jiharmu, mai son fim sai ya yi nasa a gida. Abokina malamin lissafi ya kawo na'urar gem ta hannu daga Gusau, mai wasan ƙwallo, da hannuwa biyu da ake riƙewa ana dannawa. Warin albasa bai taɓa fita ba, amma mun saba.

Saura wurin zama, kuma a nan ilimi ya tashi. Fim yana son mutum ya ja baya ya kishingiɗa. Gem kuma wayar hannunsa ba ta wuce taku biyu ba, dole ka matso ka duƙa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Na ce benci, malamin lissafi ya ce bai yi digiri don ya tashi daga benci ya koma benci ba. Ya kawo kujerar roba daga gidansu don gwaji. Ranar da ya ci ni ƙwallo ya yi zumbur zai miƙe, ƙafafunta suka baje, ya sami kansa a ƙasa yana murna.

Amsar tana can bakin hanyar Anka, a garejin wani makanike, cikin wata motar haya da ta mutu kaji suna ƙwai a ciki. Kujerunta na gaba biyu lafiyarsu lau. Akwai ƙarfe a ƙasa, ka ja shi kujera ta matsa gaba ko baya. Akwai wani a gefe, ka ɗaga shi ta kwanta. Ban taɓa ganin abin da ya amsa tambaya biyu da baki ɗaya irin wannan ba, har a jarrabawa. Muka ɗauko su tare da doguwar ta baya, mai walda ya yi musu ƙafafun ƙarfe. Ta direba na ɗauka, don ni ne mai ɗaki.

Kwana tara na yi ina mulki.

A rana ta goma, bayan la'asar, Baffa ya yi sallama da buzunsa a hammata. Ya ji an ce muna da kaset ɗin dambe. Muka miƙe, na kakkaɓe masa kujerar direba da hulata. Ya dube ta, ya dubi ƙarfen, ya shimfiɗa buzunsa a ƙasa.

“Ni ban hawan motad da ba ta zuwa ko'ina,” in ji shi. “Ku zamna abinku.”

Duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san wannan ba izini ba ne. Babba yana ƙasa, kai kana bisa, ƙafarka tana lilo kusa da kunnensa, ko a mafarki ka yi haka sai ka farka ka nemi gafara. Muka sulale ƙasa mu biyu, malamai masu takardar shaida, muka tanƙwashe ƙafa a siminti. Talabijin ɗin kuwa don masu kujera aka ɗora shi a tebur, sai muka ƙare damben da wuya a sama kamar masu duban wata.

Na zaci ranar ce kawai. Washegari ya dawo, da jibi, da gata. Bayan la'asar zuwa magariba shi ne lokacin da nake da shi, shi ne kuma lokacin da masu wuta suka fi tunawa da mu, shi ne kuma lokacin da Baffa ya zaɓa. Kujeru uku suka zama wurin ajiye huluna da littattafan ɗalibai da ban duba ba. Kyanwar gidan ta gane babu mai amfani da ta direba, ta tare a kai. Ita ba ta da baffa.

Muka gwada korarsa da dabara. Na sa fim ɗin Indiya mai waƙa tara, ina tsammanin zai yi tsaki ya fita. Ya zauna har ƙarshe, ya ce yaron ba shi da sana'a, bai ga laifin uban yarinyar ba. Muka kunna gem. Da farko ya ɗauka ƙwallon gaske ce, da ya gane mu ne muke juya 'yan wasan da yatsu sai abin ya ƙara masa daɗi, ya koma goyon bayan malamin lissafi, wai baƙo ne. Sau ɗaya malamin lissafi ya gaji ya ɗosana a bakin kujera, rabin jiki kawai. Baffa ya ci gaba da kallonsa. Amma kafin isha'i labari ya shiga cikin gida, Inna, mahaifiyata, ta aiko a tambaye ni ko abokin nawa a daji ya tashi.

Wurinta na kai ƙara. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. Ta ce duk karatuna ban gane ba, ba kujera ce matsalar ba, tsayin kai ne. Kaina kada ya wuce na Baffa, shi ke nan. Ko in ɗaga shi ko in sauko, kuma tunda an yi shekara saba'in ba a ɗaga shi ba, shawara ta rage gare ni.

Malamin lissafi ya karɓi maganar kamar an ba shi tambayar jarrabawa. Baffa dogo ne, ni kuwa Allah bai yi mini yawa ba. Ya lura da inda hular Baffa take kaiwa a bango idan ya zauna, ya sa ɗigon alli a wurin bayan ya fita. Ya zo da rular allo, ya auna kaurin kujera ba ƙafafu, ya auna ni daga mazaunai zuwa tsakar ka. Sakamako ya fito: idan aka cire ƙafafun, kuma na cire hula, kaina zai kasance ƙasa da na Baffa da yatsa biyu. Ya ce ko gaban alƙali za a je, muna da hujja.

Mai walda ya tambaye mu sau biyu ko ya ji daidai, sannan ya yanke ƙafafun da ya ƙera da hannunsa, yana cewa dama an ce boko yana taɓa kai. Muka girke kujerun a kan katako a ƙasa, muka sauko da talabijin kan akwati.

Baffa ya shigo ya same ni a kujerar direba, kai ba hula, na ɗan ƙanƙame wuya don ƙarin tsaro. Na yunƙura na gaishe shi na koma. Ya tsaya ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce in tashi shi gani. Ya danna katifar da tafin hannu, ya juya, ya zauna a hankali kamar mai shiga ruwan sanyi. Hannunsa ya faɗa kan ƙarfen gefe, bayan kujerar ya tafi da shi. Na yi tsammanin salati. Sai na ji ya sauke numfashi mai tsawo, ya miƙe ƙafafu.

“Ashe haka direbobin ga ka ji,” ya ce. “Shi ya sa ba su son tsayawa.”

Bai sake zuwa da buzu ba. Kujerar gefensa ta zama ta malamin lissafi, don baƙo yana iya zama kafaɗa da kafaɗa da maigida, ɗan gida ba ya iyawa. Ni aka bar mini ta baya, inda wayar gem ba ta kaiwa. In ina son jingina, ba wasa. In ina son wasa, sai in dawo siminti a gaban ƙafafun Baffa, yana yi mini gyara.

Na yi wata guda ina haɗiye maganar. Ranar da ta fito, mu biyu ne a ɗakin, an ɗauke wuta.

“Baffa, kujerar nan fa don kaina na saye ta.”

“Na sani,” ya ce, idonsa a rufe. “Ɗakin ga hwa, wa yab ba ka shi?”



Ranar kasuwa ce kaɗai ba ya zuwa, don sai ya raka abokansa dillalan shanu har a watse. Ranar kuma, saboda wani dalili da ban taɓa ganewa ba, ba a cika kawo wuta ba. Wata ranar kasuwa na shiga na kore kyanwa, na zauna a gaban baƙin gilashin talabijin. Dama Baffa ya bar kujerar direba a jaye baya, daidai tsawon ƙafafunsa. Na ja ƙarfen ina ƙirga ƙarar haƙoransa don in san inda zan mayar, na kwantar da bayan, na yi barcin da ban taɓa yin irinsa ba tun da na fara aikin gwamnati. Da na farka lissafin ya gudu. Huɗu ne ko biyar? Na mayar huɗu.

Washegari Baffa ya zauna, ya motsa gwiwa, ya sake motsawa. Ya ja ƙarfen, kujerar ta yi ƙara ɗaya ta koma baya.

“Wa yat tuƙa min mota?”

Malamin lissafi ya duƙufa kan hannun gem kamar yau ya fara ganinsa. Na ce ni ne. Sai da aka buga rabin wasa, sannan Baffa ya ce ba laifi, ranar kasuwa in riƙa hawa, amma in na sauka in maida ta inda na iske ta. Na yi godiya. Daga simintin na yi ta, hannu biyu.