Dangin da Na Ƙirƙira wa Baba Sambo

Ni ɗan wata mai tuyar ƙosai ne a Sakkwato, kuma kafin in lalace ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Allah ya ba ni gurbin karatu a Wad Madani, ƙasar Sudan, na tafi da akwati ɗaya da addu'ar mahaifiyata. Abokan karatuna 'ya'yan masu hali ne. Da an yi hutu sai su tsallaka Habasha ko Masar, su dawo suna nuna hotuna, ni kuwa ina ɗaki ina haɗiyar yawu. Abin yana ci mini rai ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Wani hutu wani abokina Usman, Bahaushen can, ya kai ni ƙauyensu kusa da Hajj Abdalla. Mahaifinsa, Baba Sambo, tsoho ne mai hawasha, wato gonar ban ruwa ta auduga da dawa. Da ya ji daga Sakkwato nake sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce ubansa ya taso daga wani ƙauye kusa da Wurno da niyyar Hajji, ya tsaya nan, har ya rasu yana ambaton ƙanensa Garba da ya baro. Ya tambaye ni ko na san zuriyarsa.

Ban sani ba. Amma an yanka mini kaza, ga shayi, ga idon tsoho a kaina. Sai na ce kamar na taɓa jin sunan. Daga nan fa Shaiɗan ya samu wurin zama.

Na koma Madani na sa wani ɗan garinmu ya yi magana a waya, a matsayin jikan Garba. Baba Sambo ya saurara yana kuka, ya tara maƙwabta su ma suka ji. Tun daga ranar ya fara ba ni amana in aika wa dangin nasa: buhun riɗi, turaren wuta, har da awarwaron zinaren marigayiya matarsa, don na ce ana bikin wata jikar Garba. Da riɗin na ga Habasha. Da awarwaron na hau jirgin ruwa zuwa Masar. Na yi hotuna ni ma, ina washe baki kamar wani ɗan gwamna. Kaico!

Idan na je ƙauyen, yakan sa in sake kwatanta masa gidan Garba: tsamiyar ƙofa, rijiya, masallacin ƙasa. Duk daga kaina nake zaro su. Usman ya fara kallona wani iri, amma ba ya iya musa wa ubansa.

Ina Aswan, can Masar, wayata ta yi ƙara. Baba Sambo ne. Ya ce ya sallama hawasharsa ga wani, shi da Usman suna tashar mota, za su bi ta Chadi zuwa Sakkwato.

"Ɗana, gaya musu ina tafe. Kada su wahalar da kansu da yanka, ganinsu kawai nake so."

Kalma ɗaya ta isa ta sauko da shi daga motar nan, gonarsa ta dawo hannunsa. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa Allah ya kiyaye hanya. Na kashe wayar, na cire layin na jefa a kogi.

Na koma Madani. Bayan wata uku 'yan sanda suka ɗauke ni a ƙofar aji. Usman ne ya dawo, shi kaɗai. A gaban alƙali na ji sauran labarin. Sun bi ƙauyukan Wurno gida gida, tsoho yana tambayar tsamiya da rijiya, ba wanda ya san Garba. Har ƙarshe yana cewa yaron nan ɓatan kai ya yi a kwatance, kada a zarge shi. Zazzaɓi ya kama shi a hanyar dawowa, baƙi suka binne shi a wani gari a Chadi.

Aka ɗaure ni. Wata Juma'a aka ce ina da baƙo, na fito na ga Usman riƙe da ƙunshi ɗaure da igiya. Ashe Baba Sambo ya nemi gidanmu a Sakkwato, ya gaishe da mahaifiyata, ya ce mata ta haifi ɗan albarka. Ita kuma ta ba shi hula da kilishi ya kawo mini.

"Baba ya ce in damƙa maka hannu da hannu," in ji Usman. "Duba ƙullin. Mu ba ma buɗe amana."

Ya juya ya tafi, bai jira na ce komai ba. Wallahi hukuncin alƙali bai kai wannan zafi ba.

Na fito, na dawo gida babu takardar shaida. Na tuba, na gaya wa mahaifiyata gaskiya da bakina, ta kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Usman har yau leburanci yake a gonar da ta kasance ta ubansa.

Ku matasa masu fita karatu waje, za ku ga masu yawo ƙasa ƙasa, ranku zai biya. Ku danne. In tsoho ya tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba, ko da ya yanka muku raƙumi. Hular nan tana cikin akwatina, har yau ban iya sa ta a kaina ba.