Motar da Ta Yi Gardama da Kanta

A layin garejinmu kowa Mu-gani yake ce masa, domin ko me ka kawo masa amsarsa ɗaya ce: "Tsaya mu gani." Bakanike ne, ni kuma mai walda. Rumfata tana jingine da tasa, fallen kwano ɗaya ya raba mu, tun muna da baƙin gashi har furfura ta cim mana. Shi ya laƙaba mini Tartsatsi, 'ya'yansa suka taso suna ce mini Baba Tartsatsi.

Ban taɓa ganin mai son sanin cikin abu kamarsa ba. Ya taɓa kwance keken ɗinkin matarsa, keke lafiya ƙalau, don kawai ya ga yadda zaren ƙasa yake kama na sama. Ta yi fushi, ya haɗa mata, ya zauna yana yi mata bayani har ta manta fushi take yi.

Yana da tsohuwar a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu, da 'yar gona a kan tudu bayan gari, inda ya dasa mangwaro da hannunsa. Hanyar duk duwatsu ce da ramukan da ruwa ya ci. Gaban motar ba ya jure ta, saboda kowace taya da nata hannaye da gaɓoɓi, yau wannan ya karye gobe wancan. Don haka a gindin tudun yake ajiye ta ya hau da ƙafa. Sai ciwon ƙirji ya kama shi, ya zamana daga rumfa zuwa bakin titi sai ya tsaya neman numfashi. A shekarar aka zo aka ce masa bishiyoyin sun yi furensu na fari.

Ya ce, "Tartsatsi, ina so in gan su."

Na ce, "A ɗauko maka hoto mana."

"Hoto yana ƙamshi ne?"

Shawarar da ya yanke ita ce a cire duk tarkacen gaban, a sa aksil guda, wato ƙarfe ɗaya miƙaƙƙe daga taya zuwa taya, irin na baya, wanda dutse ba ya ba shi tsoro. Muka samo shi wurin 'yan gwangwan. Da muka shigar da shi ƙarƙashin motar sai ga matsala. A jikin aksil akwai kumburin da haƙoran giya suke ciki, mu tulu muke ce masa. Tulun yana dama, farfela kuwa, sandar da ke kawo masa juyi daga inji, ta hagu ta sauko.

Ya daɗe yana kallo daga tsohuwar kujerar mota da yake zama a kai. Can ya ce, "Mu kifa shi. In cikinsa ya koma sama, ai tulu ya dawo hagu."

Maganar ta yi mini daɗi don sauƙinta. Na kifa, na yi wa sifirin sabon mazauni, na gyara hannun sitiyari. Ni ina ƙasa ina ƙona riga, shi yana nuna mini wurare da doguwar sukudireba. Matarsa takan kawo masa magani ta tsaya riƙe da ƙugu.

"Baban yara, likita hutu ya ce."

"Ga ni zaune. Tartsatsi ne ke shan wahala."

"Ku biyun nan, da mai faɗa da mai bi, ban san wanda zan fara kai ƙara ba."

Ranar gwaji muka ɗaga motar a kan ƙarafa, tayoyi huɗu a iska. Na tayar, na sa giyar ƙafa huɗu, na saki kuloci. Tayoyin baya suka juya gaba. Na leƙo ta taga, sai ga na gaba suna juyawa baya.

Na kai hannu zan kashe ya ce, "Kar ka kashe. Matso da ni." Na ja kujerarsa kusa. Idonsa yana ƙyalli kamar na yaron da aka ba tsuntsu.

"Dubi ikon Allah. Mota tana gardama da kanta. Da a ƙasa take, da sai ta tsaya wuri ɗaya tana haƙa rami."

Ya sa na buɗe tulun. Ya juya haƙoran da yatsa a hankali, ya ga kifawar ta mayar da babbar giya ɗaya gefen ƙaramar. "Tun ina saurayi nake buɗe tulu," in ji shi, "ban taɓa tambayar kaina me ya sa take zama a wannan gefen ba." Wallahi ya fi murna da a ce aikin ya yi.

Ni dai raina ya ɓaci. Na ce, "Kai kana dariya, furen ba zai jira ka ba."

Ya dafe ƙirjinsa. Ya ce, "Na sani, abokina. Sauke shi."

Muka mayar da aksil yadda aka halicce shi. Na yanke hannayensa biyu daga jikin tulun, dogon ya koma dama, gajeren ya koma hagu, don tulun ya dawo hagu ba tare da kifawa ba. Irin wannan waldar ba ta son gaggawa, in zafi ya yi yawa a gefe ɗaya sai ƙarfen ya lanƙwashe. Sai in ɗiga nan, in zagaya in ɗiga can, in jira ya huce, ina jin numfashinsa a bayana. Ban taɓa yin aikin da hannuna yake son sauri haka ba, kuma ban yarda na bar shi ya yi saurin ba.

Da muka hau tudun ni nake tuƙi, matarsa a tsakiya, shi a bakin taga ya karkatar da kunne yana sauraren gaban motar. Ta taka duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya ba ko ƙara. Amma furen ya riga ya zube. Abin da muka tarar 'yan ƙananan 'ya'ya ne kore, ba su fi kan babban yatsa ba.

Na kasa kallonsa. Shi kuwa ya sa na tsaya da motar a ƙarƙashin reshe, ya miƙa hannu ta taga ya tsinko ɗaya, ya ciro 'yar wuƙarsa ya tsaga.

"Maman yara, duba. Har ya fara ƙwallo, fari fat. Ashe tun yana haka yake farawa."

Ta karɓa tana dubawa, tana share ido da gefen hannu. Ya juyo ya ce mini, "Leƙa mana waldarka." Na leƙa na ce ta riƙe. Ya ce, "Da ma na sani, so nake ka gani da idonka."

Bai kai nunarsu ba. Allah ya jiƙan Mu-gani.

Da suka nuna na hau da motar na ciko buhu, na kai gidansa. Jikoki suka taru suna miƙo hannu. Matarsa ta ɗauki na farko ta yanka, ta fasa ƙwallon, ta daɗe tana kallon cikinsa kafin ta ba kowa.